Waƙa Ɗaya, Fayil Biyar: Ina Za Mu Ajiye Rimiks?

Duk wanda ya taɓa kai memorinsa wurin masu tura waƙoƙi a Birnin Kebbi ko Argungu ya san abin da muke nufi. Ka nemi waƙa ɗaya, a zuba maka biyar: ta asali, wadda aka ƙara wa gudu, wadda wani DJ ya ɗora wa sabon kiɗa yana kiran sunansa a tsakiya, da guntayen da aka yanko don TikTok. Nan da shekara biyu, ƙanenka zai rantse maka cewa DJ ɗin ne mai waƙar.

Matsalar ta girmi wayar hannu. Makaɗan fada irin su Aliyu Ɗandawo, wanda ya yi wa sarakunan Kabin Argungu waƙa, da ɗansa Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri, ba su cika rera waƙa sau biyu iri ɗaya ba. Gindin waƙar yana nan, amma ɗiyanta suna sauyawa gwargwadon taron da wanda ke wurin. Ke nan waƙa ɗaya tana iya samun ɗauka da yawa, kuma duk na gaske ne.

Shi ya sa tara waƙoƙi bisa suna kawai ba ya fisshe mu. Narambaɗa yana da Bakandamiya, Shata ma yana da tasa, kuma waƙoƙi ne biyu daban. In ka zuba su a jaka ɗaya, ka haɗa gidaje biyu da ba su haɗa kaka ba.

Masu adana kiɗa a duniya sukan raba abin hawa uku. Akwai waƙar kanta, wato kalmomi da karin da mawaƙi ya ƙirƙira. Akwai ɗauka, wato sautin da aka naɗa a wata rana. Sai kaset ko faifan da aka fitar da ɗaukar a ciki. Rimiks ɗauka ce sabuwa, amma 'yar tsohuwar waƙa ce. Ko lambar ISRC, mai haruffa da alƙaluma 12 da ake bai wa kowace ɗauka, sabuwa ake yanka wa rimiks, alhali sunan mai waƙar bai canza ba.

Saboda haka a wayarmu, jaka ta ɗauki sunan mawaƙi da waƙarsa. Ta asali ta zauna a sama, rimiks a ƙasanta, an rubuta wanda ya yi shi da shekarar. Ba mu ce a hana DJ haƙƙinsa ba, ya yi aiki. Sai dai sunansa ya biyo baya.

Inda kan ke ɗaure shi ne haɗin gambiza, inda aka jera waƙoƙi goma a fayil ɗaya. Wannan ba ɗan kowa ba ne, a ba shi jakarsa, a lissafa abin da ke ciki. Wanda kuwa ya ari kari ya zuba sababbin kalmomi, kamar yadda ake yi lokacin siyasa, a ganinmu sabuwar waƙa ya yi, amma a rubuta inda ya aro.

In kun ɗauki makaɗa a bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, ku rubuta sunan makaɗi, wuri da kwanan wata a kan fayil ɗin kafin ku tura wa kowa.