Daren da kwamfutar shagona ta mutu da ajiyar mutane a cikinta

Shekara bakwai ke nan ina da ɗan shago a unguwar Sukra, cikin garin Sabha. Kayan masarufi nake sayarwa, amma abin da ya fi kawo mini mutane shi ne ajiya. Leburori da masu gadin gona, 'yan Tahoua da Damagaram da Katsina, suna kawo abin da suka samu in riƙe musu har ranar da za su kama hanyar Gatrun zuwa Agadez. Da can a littafi nake rubutawa. Da ɗan yayata ya zo daga Kano sai ya mayar mini da lissafin cikin wata tsohuwar kwamfutar tebur, ni kuma na ji daɗi, na watsar da littafin.

Duk wanda ya yi bazara a Sabha ya san halin wuta. Zafi ya haura digiri 40, a ɗauke ta, a kawo ta, wani lokacin da rauni, wani lokacin da ƙarfin tsiya. Wani dare bayan isha'i aka dawo da ita, sai na ji "fat" a ƙarƙashin tebur, ga kuma ƙauri. Na danna maɓalli, shiru. Na sake dannawa ya fi sau goma. Washegari kuma wani bawan Allah mutumin Tahoua zai zo karɓar kuɗinsa na wata goma sha ɗaya, motarsu za ta tashi jibi. Wallahi ban runtsa ba.

Da safe na kai ta wurin wani mai gyara. Ko murfi bai buɗe ba, ya shinshina ya ce madabod ta ƙone, in sayi wata kwamfutar. Na ɗauko abata na dawo. Yaron nawa, wanda ya ɗan zauna da masu gyara a titin Beirut a Kano, ya dawo daga aiki ya tarar da ni na yi tagumi. Ya ce, "Kawu, hanci ba ya auna wuta. Bari mu bi ta daki-daki."

Abin da ya fara yi ya ba ni mamaki. Ya zare wayar bango, ya danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wuta ta fita, sannan ya kwance had-dis ya naɗe shi a hula ya miƙo mini. Ya ce, "Kuɗin mutane na cikin nan. Duk gwajin da za mu yi, kada ya kasance a jone." Dalilinsa shi ne tukunyar wutar kwamfuta, wadda masu gyara a Najeriya ke kira fawa-fak, idan ta lalace tana iya tura wuta fiye da ƙima ta kashe duk abin da ke jone da ita. Danne-dannen da na yi da dare kenan caca na yi da amanar jama'a.

Sai ya bi ƙananan abubuwa: soket, wayar wuta, makunnin da ke bayan fawa-fak. Akwai kuma wani ɗan jan maɓalli a tsofaffin fawa-fak mai rubutun 115 da 230. A Libiya, kamar Nijar da Najeriya, a 230 ya kamata ya tsaya. Idan yaro ya yi wasa da shi ya koma 115, ana jonawa za ta fashe. Namu yana daidai.

Nan ya ɗauko mita. Babbar wayar da ke shiga madabod tana da baki 24, kowane launi da aikinsa. Rawaya bolt 12 take ɗauka, ja bolt 5, mai ruwan lemu 3.3, baƙaƙe kuma su ne ƙasa. Akwai wata mai ruwan shunayya da ke ba da bolt 5 ko da kwamfuta a kashe take, muddin an jona ta a bango. Ita ya fara aunawa, bai samu komai ba. Sai ya cire fawa-fak gaba ɗaya ya ajiye kan tebur, ya lanƙwasa ɗan ƙarfen maƙale takarda, ya haɗa koriyar waya da baƙa ɗaya, sannan ya jona. Lafiyayyen fawa-fak da an yi masa haka fankarsa za ta juya. Namu ko motsi.

Ya gargaɗe ni da abu biyu. Juyawar fanka ba shaidar lafiya ba ce, sai an auna: rawaya ta tsaya tsakanin 11.4 da 12.6, ja tsakanin 4.75 da 5.25. Kuma wannan dabarar ta koriya da baƙa ta fawa-fak na gama-gari ce. Kwamfutocin ofis da yawa na Dell da HP, irin waɗanda ke cika kasuwar 'yan gwanjo, suna da nasu tsarin waya daban, ba a yi musu kintace. Na ce to mu buɗe shi mu ga ko fis ne. Ya riƙe hannuna. "Kawu, a'a. Manyan kafasitan ciki na riƙe sama da bolt 300 ko bayan an zare waya."

Muka samo aron wani fawa-fak, ya auna shi tukuna, sannan ya jona madabod da firosesa da ram guda ɗaya kawai. Na riga na fara hamdala. Ya kunna, fanka ta yi rabin juyi ta tsaya. Sau ɗaya ya gwada, bai maimaita ba. Ya ce fawa-fak ɗin ne ke kare kansa, domin ya ji wuta na haɗewa a wani wuri.

Wannan ɓangaren ne ya fi burge ni. Kusa da firosesa akwai wata ƙaramar waya mai baki huɗu, rawaya biyu baƙa biyu, ita ke ciyar da shi bolt 12. Ya zare ta ya kunna, sai fankoki suka ci gaba da juyawa abinsu. Matsalar kenan a layin firosesa take. Ya kashe komai, ya mayar da mita wurin da take ƙara idan layi ya haɗe, ya taɓa bakin bolt 12 da ƙasa a kan madabod. Ta yi ta kuka ba tsayawa. Da ya haska tocila, ga kafasita biyu kansu ya kumbura kamar fanke, ga wani ɗan baƙin tiransista a gefe ya tsage. Ƙurar gibli kuwa ta yi musu bargo, har da ta fankar firosesa. Ashe sun daɗe suna dahuwa, wutar daren ce ta ƙarasa su.

Mai gyaran farko kenan ya faɗi rabin gaskiya. Da na bi maganarsa na sayi madabod kawai na jona da mataccen fawa-fak, ko na jefar da kwamfutar da had-dis ɗinta, da labarin ya sha bamban. Daga baya mun sami madabod ta hannu mai irin mazaunin firosesanmu, domin ba kowace ke karɓar kowane ba. Firosesa da ram sun tsira. Yanzu kwamfutar ta bar ƙasa ta hau tebur, ga sitabilaiza da ƙaramin UPS a gabanta. Idan aka ɗauke wuta ina kashe soket, idan aka kawo sai na jira minti biyar. Duk Juma'a yaron yana kwafe lissafi a filashi, littafina kuma ya dawo bakin aiki.

Amma a wannan yammacin ba ta madabod nake ba. Mutumin Tahoua na zaune kan benci da buhunsa. Ya faɗi abin da yake bi na, ni kuma a ƙwaƙwalwata adadin bai kai haka ba, da bambancin dinari 200. Yaron ya sa had-dis a wani ɗan gida mai wayar USB, ya jona da kwamfutar maƙwabcinmu. Muka yi tsit mu uku har fayil ɗin ya buɗe. Ga sunansa, ga ranakun, ga dinari 200 da ya kawo cikin azumi, ranar da na bar wa yaron shago.

Na ce, "Malam, ka yi haƙuri, kai ne da gaskiya." Na ƙirga masa kuɗinsa cif, ya sake ƙirgawa, ya ɗinke su cikin ƙugun wandonsa, muka raka shi bakin titi.