Gayyar Yashe Rafin Dilimi: Wa Zai Kwashe Tulin Da Aka Bari A Gaɓa?

Da zarar watan Afrilu ya kama, hadari ya fara haɗowa ta bayan duwatsun Shere, za ka ga matasa a wasu unguwannin Jos sun fito da shebur da manjagara da baro. Ba wanda ya ɗauke su aiki. Wani lokaci mai unguwa ne ya yi shela, wani lokaci liman ne ya yi tuni bayan sallar asuba, wani lokaci kuma su da kansu suka yi karo-karo a majalisa suka sayi buhuna. Su naɗe ƙafar wando, su shiga kwata ko su gangara bakin rafi, su yi ta yasa har rana ta take.

Ya kamata mutum ya tsaya kusa ya ga abin da shebur ke fitowa da shi. Sama-sama ledar fiya wata ce da baƙar leda da robobin lemo. Ƙasa da su akwai kunzugun jarirai na zamani da ya sha ruwa ya kumbura, da tsumma, da silifas wari guda, da buhun siminti, da fasasshiyar kwalba. Can ƙasa kuma baƙin taɓo ne mai wari, wanda in an taɓa shi sai ya yi ta ɓulɓulo da kumfa. Mai shebur ya cika, mai baro ya tura, a zube a gefe. Kafin azahar ruwan da ya yi watanni a kwance ya soma tafiya, yara suna bin sa da gudu suna murna.

Wannan aiki ne na ceton rai, kuma mutanen Jos sun fi kowa sanin haka. A daren Lahadi 22 ga Yulin 2012, cikin kwanakin farko na azumi, an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, madatsar Lamingo ta cika ta tumbatsa, ruwan ya biyo hanyar rafi ya afka wa Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ce aƙalla mutum 35 ne suka rasu, gidaje wajen 200 suka rushe ko suka lalace, kuma an yi kwanaki ana neman waɗanda suka ɓace. Ba shara kaɗai ta jawo wannan musiba ba. Akwai yawan ruwan da ya sauka, akwai gidajen da aka gina a kan hanyar ruwa. Amma duk wanda ya ga ƙarƙashin gadojin unguwannin nan a ƙarshen rani ya san cewa ruwan bai tarar da hanyarsa a buɗe ba.

Dilimi ba ƙaramin rafi ba ne a tarihin garin. A tsakuwar bakinsa da ta rafukan da ke zuba cikinsa aka riƙa wanke kuza, kuma kuzar ce ta jawo Turawan kamfanin Neja suka kafa sansani a Naraguta a farkon ƙarni na ashirin, ta jawo jirgin ƙasa daga Zariya, ta jawo leburori da 'yan kasuwa daga Kano da Bauci da Barno da kudancin ƙasar nan. Garin a gefen ruwan ya tashi. Yau rafin yana ratsawa ta wajen Gangare da unguwar da ta ci sunansa, ya bi ta Unguwar Rogo, ya nufi Naraguta, ya gangara ƙasar Bauci. Can ya zama kogin Bunga, ya zama kogin Jama'are, ya haɗu da na Haɗeja, su tafi a matsayin Komadugu Yobe har Tafkin Chadi. Ledar da aka wurga daga kan gada a Jos, in ba ta maƙale ba, masunta da makiyaya na jihohi da dama ne za su gaje ta.

Yawanci kuwa maƙalewa take yi, kuma a nan ne haɗarin yake. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, tana samun ruwan sama kusan milimita 1,400 a shekara, mafi yawansa a Yuli da Agusta. Ƙasar dutse ce da gangare, ga rufin kwano da daɓen siminti ko'ina, saboda haka ruwa ba ya samun wurin nutsewa, sai gudu. Lissafin mai sauƙi ne: milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin gida mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 50, zai zubo da lita 5,000, wato jarka 200 mai cin lita 25. Gida ɗaya ke nan, a ruwa ɗaya. Duk wannan kwata zai bi, kwata ta kai shi kwalbati, kwalbati ya kai shi rafi.

To, a bakin kwalbati ko gindin gada, reshen itace ɗaya ya isa ya gitta. Leda ta zo ta laƙe masa, wata ta zo ta laƙe mata, tsumma da buhu su toshe sauran kafofin. Da ruwa ya rage gudu a bayan wannan shinge, sai ya sauke yashi da tsakuwar da yake ɗauke da su, ƙasan rafin ya ƙara tudu. Shekara ta zagayo, ramin da a da mutum zai tsaya a ciki a miƙe ya koma sai an sunkuya. Ran da babban ruwa ya zo, ba ya jiran kowa; ya hau kan titi, ya shiga zaure, ya jiƙa gindin katangar ƙasa har ta zauna. Ƙasar Bangaladash ta ga irin wannan a manyan ambaliyarta, shi ya sa a 2002 ta hana amfani da siririyar leda, ita ce ma ta fara yin haka a duniya.

A da ma ana zubar da shara a bakin rafi, amma sharar da ce: ganyen da aka ƙunshe ƙosai ko alale, toka, ɓawon rogo, karan dawa. Damina ɗaya ta ruɓar da su. Leda kuwa daga man fetur ake yin ta, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ganye ba sa iya cin ta. Rana ce kawai ke gasa ta, ta yi rauni, ta farfashe zuwa ɓurɓushi, wanda masana ke ƙirga duk abin da bai kai milimita 5 ba a cikinsa. Ɓurɓushin nan yana nan cikin ruwa da ƙasar noma. Wadda ba ta farfashe ba kuma dabbobi na haɗiye ta. Tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa a tumbin saniya ko akuyar da ta yi kiwo a juji: dunƙulen leda ne da ya cure ya yi tauri, dabbar tana ci tana ramewa, mai ita yana ta sayen magani.

Akwai kuma masu lambu. Da rani, gaɓar Dilimi kore shar take, kabeji da karas da latas da tumatir da koren wake, injinan ban ruwa suna ta ƙugi. Kayan nan su ne ke cika kasuwar Farin Gada, daga nan motoci su ɗauka zuwa Abuja da kudu. Ruwan da injin ke ja shi ne wanda kwatocin gari suka zuba a ciki, da bayan gida, da baƙin man gareji, da ruwan batir. Latas da kabeji kuwa ɗanye ake cin su. Wanda ke zaune a Rayfield yana ganin ba abin da ya haɗa shi da kwatar Gangare, ya duba farantin salak ɗinsa.

Saboda haka masu gayyar nan sun cancanci a jinjina musu. Sai dai akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Ka koma wurin bayan kwana uku. Tulin da aka fitar yana nan a gaɓa ko a gefen titi, ya bushe ta sama, kaji suna tona, iska tana ɗibar ledar ɗaya bayan ɗaya. Masu wucewa sun ga tuli, sun ɗauka sabuwar bola ce, sun fara ƙara nasu. Wani ya ga abin ya dame shi, ya cinna masa wuta da magariba, hayaƙin roba ya cika ɗakunan da jarirai da masu asma ke kwance. Abin da wuta ta rage, ruwan farko ya share shi ya mayar inda aka ciro shi. An yi gumi, an yanke a ƙafa, an ɗauki hoto an sa a Facebook, amma sharar ko taku goma ba ta yi daga rafin ba.

Ba laifin matasan ba ne. Shebur da baro iyakarsu bakin titi. Daga nan aikin tifa ne da katafila da filin zubarwa a bayan gari, waɗannan kuwa sai hukuma. Jihar Filato tana da hukumar kare muhalli da tsafta, PEPSA, tana da hukumar raya birnin Jos, JMDB, ga kuma ƙananan hukumomin Jos ta Arewa da Jos ta Kudu. Tsarin tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata ma ba baƙo ba ne a Nijeriya, tun zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na gwamnatin Buhari da Idiagbon a tsakiyar shekarun 1980 aka san shi. Abin da ake buƙata shi ne a ɗaura ranar gayya da ranar mota. In unguwa ta sa ranar yasa, a sanar da hukuma tun da mako guda, mota ta zo a ranar, a loda kai tsaye daga baro. In ba a sami tabbacin mota ba, gara a zuba abin da aka fitar cikin buhuna a ɗaure, a kai shi nesa da gaɓa, da a bar shi a buɗe.

Sannan a tambayi dalilin da ya sa shara ke zuwa rafi tun farko. Yawan wa'azin "jama'a ba su da tsafta" bai taɓa kwashe ko kwando ɗaya ba. Matar da ke cikin lungun da mota ba ta shiga, gidanta fes yake, ta share tsakar gida ta tara a bokiti. Ina za ta kai? Ta ba yaro ko almajiri 'yan canji, shi kuma ya nufi wuri mafi kusa da ba mai yi masa tsawa, wato bakin rafi. Wasu ma jira suke a fara ruwa, su juye bokitin cikin kwata, ruwa ya tafi da shi. Ba mugunta ba ce, rashin wurin zubarwa ne. Muddin babu tankin shara a bakin kowane babban layi, wanda ake kwashewa a kan lokaci, da masu kura da za su bi lungu-lungu ana ba su ɗan abin hasafi, rafin ne zai ci gaba da zama bolar unguwa. 'Yan gwangwan sun riga sun nuna cewa abin da ke da kuɗi ba ya kwana a juji: ƙarfe da alminiyam ba ka ganin su a cikin rafi. Robobin lemo ma sun fara samun masu saye. Ledar fiya wata ce har yanzu ba ta da gata, kuma masu kamfanonin da ke buga ta suna da haƙƙin sa hannu a kwashe ta. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017, Jihar Legas ta hana robar zuba abinci ta soso a Janairun 2024. Ba sai an kwafi kowa ba, amma Majalisar Dokokin Filato tana da abin dubawa a nan.

Wani abu kuma da ba a cika son faɗa ba. Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun raba Jos, unguwanni suka koma na Musulmi zalla ko na Kirista zalla, har akwai matasan da suka girma ba su taɓa taka unguwar da ke tsallaken gadarsu ba. Amma ruwan ɗaya ne, daga sama yake gangarowa ya bi ta ƙofar kowa. In mazauna ƙasan rafin suka yashe nasu, na sama ba su yashe ba, ruwan farko zai kawo musu sabuwar shara. Dole aikin ya faro daga sama ya gangaro, a rana ɗaya, da sanin masu unguwanni da limamai da fastoci. 'Yan agajin masallatai da matasan majami'u duk suna da horo da shugabanni da kayan sarki. Haɗa su a kan rafi ɗaya ba zai gagara ba. Malamai sun daɗe suna karantar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, kuma ba a ce sai hanyar da 'yan'uwanka kaɗai ke bi ba.

Ku kuma matasa masu shiga ruwa, ku kula da kanku. Kada a shiga da silifas ko ƙafa ba takalmi. Akwai allura da reza da kwalba a cikin taɓon nan. A nemi takalmin roba mai tsawo da safar hannu mai kauri. Wanda ya yanke ya wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, ya je a duba shi a yi masa allurar tetanus in da buƙata. Kada a sa ƙananan yara. Kada a ci abinci sai an wanke hannu, domin kwalara ta irin wannan ruwa take bi. In an ga hadari ta wajen Shere ko Lamingo a fito nan take, ko da ɗigo bai sauka a inda ake ba, don ruwan tudu yana isowa ne ba sallama.

Kira na ga PEPSA da shugabannin ƙananan hukumomin nan biyu shi ne su fitar da lambar waya da jadawalin motoci tun watan Maris, kafin ruwan farko, domin kowace unguwa ta san ranar da za ta fito. Masu hali na Dilimi da Katako da Farin Gada kuma, kuɗin man tifa ɗaya bai fi ƙarfinku ba. Matasan sun riga sun kawo shebur da ƙarfinsu, ku kawo mota.