Saratu Gidado Daso: Shekara 24 Cikin Masana'antar Da Ba Ta Da Fansho

Daga Wakilinmu

Ran Talata 9 ga watan Afril na 2024, watau ranar jajibirin ƙaramar Salla, Allah ya yi wa Hajiya Saratu Gidado rasuwa a Kano tana da shekara 56. Mutane kaɗan ne suka san ta da wannan suna, domin Daso kowa ke kiranta, daga Kano har Maraɗi da Kumasi, duk inda ake kallon wasan kwaikwayo na Hausa.

An haife ta ran 17 ga watan Janairu na 1968. Lokacin da take tasowa, Kano gari ne na masana'antu. Masaƙun Bompai da Sharaɗa da majemun Challawa suna ɗaukar dubban ma'aikata, kowa da albashinsa ƙarshen wata. Bayan da Gwamnatin Tarayya ta fito da shirin tsuke bakin aljihu na SAP cikin 1986, darajar Naira ta faɗi, wutar lantarki ta yi ƙaranci, kayan waje masu araha suka cika kasuwa, sai ƙofofin masana'antu da yawa suka rufe ɗaya bayan ɗaya.

A cikin wannan hali ne wata sabuwar sana'a ta kunno kai. Cikin 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, kuma kafin shekara goma ta cika sana'ar ta sami sunan Kannywood, dillalan kaset suka cika kasuwar Ƙofar Wambai. Daso ta shigo cikin 2000, a fim ɗin Linzami Da Wuta na kamfanin Sarauniya, kamfanin da ya yi Sangaya. Daga nan aka gan ta a Nagari da Gidauniya da Mashi da Sansani, da wasu masu yawa.

Abin lura shi ne ta shiga sana'ar tana da shekara 32, a lokacin da masu shirya fim ke neman 'yan mata masu rawa da waƙa. Saboda haka ba ta yi takara da su ba, sai ta kama gurbin da wasu ke gudu, watau na mafaɗaciyar mace, muguwar uwar miji ko kishiya mai makirci. Ta iya harara da tsawa da jefa magana, har mai kallo ya manta wasa ake yi. Wannan gurbi ne ya raya ta. Yawancin 'yan matan da suka yi tashe a zamaninta sun bar fim da zarar an ɗaura musu aure, amma ita ta ga zamanin kaset, ta ga na faifai, ta kuma ga na talabijin da YouTube. Ta ga kafuwar Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano cikin 2001, da dakatarwar da aka yi wa sana'ar cikin 2007. Har wa yau, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya ba ta aikin jakadiya a zamanin sarautarsa ta farko, abin da ya nuna cewa fada ba ta ɗauki halin da take fitowa da shi a matsayin halinta na gaskiya ba.

To, amma mai karatu zai so ya san abin da irin waɗannan iyaye ke samu bayan sun ƙarar da ƙarfinsu. Cikin watan Fabrairu na 2022 abokiyar aikinta, Ladin Cima, ta shaida wa Sashen Hausa na BBC cewa Naira 2,000 zuwa 5,000 ake biyanta idan ta fito a fim. Wasu masu shirya fim sun musanta, aka yi ta ka-ce-na-ce, amma babu wanda ya musanta cewa sana'ar ba ta da tsayayyen albashi, ba ta da fansho, ba ta da tanadin kuɗin asibiti. Ma'aikacin masaƙa a Sharaɗa yakan sami takardar ɗaukar aiki da ƙungiyar ƙwadago da za ta tsaya masa. Ɗan wasa kuwa, ranar da aka daina kiransa, ranar ce tukunyarsa ta sauka daga murhu.

Ana kiran Kannywood masana'anta, kuma ta cancanci sunan, domin tana ciyar da marubuta da masu ɗaukar hoto da masu kwalliya da direbobi. Ya kamata ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN da Gwamnatin Jihar Kano su zauna su tsara mafi ƙarancin ladan aiki, da rubutacciyar yarjejeniya, da asusun tsufa ga 'yan wasa. Allah ya jiƙan Daso, ya gafarta mata, amin.