Kunamar Ruwa, Kifin da Ke Neman Ɓacewa

A wasan kwamfuta mai suna Dwarf Fortress, wanda wasu 'yan'uwa biyu Amurkawa, Tarn da Zach Adams, suka fitar a 2006, ana tura wadanni su je su a bakin teku. Cikin abin da suke kamowa har da wani kifi mai faɗi kamar faifai, bayansa duk ƙayoyi, a gyara shi a ci. Wasan na almara ne, amma kifin akwai shi. Masana na kiransa Raja clavata, yana kwance a ƙasan Tekun Atilantika da Bahar Rum, kuma a Ingila soya fikafikansa ake yi.

Mutumin Kanya Babba ko Babura, wanda ya saba da tarwaɗa da karfasa na dam ɗin Kazaure, zai ce wannan ai sai ƙasar Turawa. To, muna da danginsa a gida. Shi ne wanda masunta ke kira kunamar ruwa, a kogin Binuwai da na Kwara. Sai a 1962 masana suka rubuta bayaninsa, daga waɗanda aka kama a Garwa ta Kamaru. Faɗinsa ba ya wuce santimita 40. Yakan binne kansa a yashi, kuma a wutsiyarsa akwai ƙaya mai dafi. Wanda ya taka shi da ƙafa ba ya mantawa. Na Turai ba shi da dafi, kuma ƙwai yake yi. Namu kuwa haihuwa yake yi, 'ya'yan ma kaɗan.

Nan matsalar take. Karfasa tana hayayyafa da yawa, ko an kwashe ta za ta dawo. Kunamar ruwa ba haka take ba. Raga ta kama ta, a sayar ɗanya ko a yi banda, ga kuma madatsar Lagdo da aka kammala a 1982 ta sauya yadda ruwan Binuwai ke tafiya. Yanzu ƙungiyar IUCN ta sa ta cikin halittun da ke dab da ƙarewa.

Ba haramta ci nake nufi ba, masunci ma da iyalinsa. Amma sarakunan ruwa na yankin Yola zuwa Lokoja suna da ikon hana kama ƙanana da masu ciki. Su yi amfani da shi.