Idan Ciwon Dajin Huhu Ya Hau Kai

A zangunanmu na Salaga da Yendi da Bawku, idan dattijo ya daɗe yana tari, sai a ce tarin fuka ne. Sau da yawa haka ne ɗin. Amma wanda ya sha magani wata da watanni, tarin bai lafa ba, ga rama, ga jini a kaki, ya kamata a sake duba huhunsa, ko da bai taɓa kunna taba ba.

Ciwon dajin huhu yana cikin waɗanda suka fi bin jini su kai ƙwaƙwalwa. A nan ake yawan ɓata, domin alamun sun yi kama da abin da mukan jingina wa iskoki ko sammu: ciwon kai da asuba, amai, farfaɗiya ga wanda bai taɓa yi ba, mutuwar ɓarin jiki, ko mai haƙuri ya koma mafaɗaci. Addu'a ba ta hana ɗaukar hoton kai a babban asibitin Tamale.

Likita kan fara da dexamethasone, mai sauke kumburin ƙwaƙwalwa cikin 'yan kwanaki. Jama'a a kula: sauƙi ne ya samu, ciwon na nan. Daga nan sai gashi da haske. Korle Bu a Ankara ta fara wannan aiki a 1997, Komfo Anokye a Kumasi ta biyo a 2004. Daga Salaga ke nan sai Makango, a haye tafkin Volta zuwa Yeji, a bi Atebubu. Tafiya ce mai gajiyar da mai lafiya, balle wanda kai ke sara.

Shi ya sa nake ganin iyali su tambayi likita ƙeƙe-da-ƙeƙe kafin a sayar da shanu. Wani bincike da aka yi a Ingila da Ostireliya a kan majiyyata 538, aka fitar a 2016, ya nuna cewa ga wanda jiki ya riga ya yi rauni ƙwarai, gasa kai gaba ɗaya bai ƙara kwana ko jin daɗi a kan magani da kyakkyawar jinya ba. Mai sauran ƙarfi kuwa lissafinsa daban. Idan ƙarin ɗaya ne ana iya yi masa tiyata, kuma akwai ƙwayoyi irin osimertinib masu isa ƙwaƙwalwa. Sai dai suna da tsada, kuma ba sa aiki sai ga wanda gwajin tsokar ciwon ya nuna irin da suke kamawa ne.