Hasumiyar Gobarau Da Majami'ar Durham

Da yawa daga cikinmu mutanen Batsari da Safana muna shiga birnin Katsina don kasuwa ko asibiti, mu hangi Hasumiyar Gobarau mu wuce abinmu, wai ai ta Musulmi ce. Gaskiya ne wurin ibadarsu ne. Amma magina da suka kwaɓa ƙasarta Hausawa ne, kakanninmu ne mu duka.

Tsawonta ya kai ƙafa 50, da tubali da jar ƙasa aka gina ta. Yawancin masana tarihi sun ce an gina masallacin a ƙarni na 15, zamanin Muhammadu Korau, Sarkin Katsina na farko da ya musulunta. Ya zama makaranta da ɗalibai ke zuwa daga nesa, hasumiyar kuma daga kanta ake hangen mahara. Bayan jihadi, da Ummarun Dallaje ya karɓi garin wajen 1807, aka koma wani masallacin Juma'a. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, ya sa aka gyara abin da ya rage.

Dattawa na ba da labari cewa lokacin da za a kafa harsashi malamai sun yi gardama kan alƙibla. Da abin ya ishi Malam Jodoma, sai ya nuna gabas da sandarsa, aka ce nan take mutane suka hangi Ka'aba. Mai karatu ya yarda ko kada ya yarda, amma kada ya yi dariya tukuna, don mu ma muna da irin namu.

A arewacin Ingila akwai babbar majami'ar Durham, wadda aka fara ginawa da dutse a 1093. Asalinta gudun hijira ne. Wani bawan Allah mai suna Cuthbert ya rasu a 687, aka binne shi a tsibirin Lindisfarne. A 875 maharan teku suka addabi wurin, sai masu hidimar ikilisiyar suka ɗauki akwatin gawarsa da littafin Bishara suka gudu. Shekara 120 suka ɗauka kafin su isa mazauninsu na ƙarshe, 'ya'ya suka gaji ɗawainiyar daga iyaye. Aka ce a 995 akwatin ya kafe a hanya, ya ƙi ɗaukuwa, har suka bi wata mai tatsar nono da ke neman saniyarta da ta ɓace, ta kai su tudun da majami'ar take a yau. An sassaƙa saniyar a jikin bangon.

Wannan labari ba baƙo ba ne ga wanda ya bar gonarsa a bakin dajin Rugu saboda 'yan bindiga, ya kwana a makarantar firamare da iyalinsa. Tambayar da muke yi wa dattawan ikilisiya ita ce: da aka watse, wa ya ɗauko littafin baftisma da na aure? Wa ya rubuta sunayen waɗanda suka fara aza tubalin majami'ar ƙauyen, da shekarar da aka aza? Ginin ƙasa in damina biyu ta wuce ba a yi masa yaɓe ba, sai kufai. Gobarau ta kai yau ne don ana komawa ana yaɓe ta.

Ƙungiyar matasa ko zumuntar mata da ke son zuwa, a fara neman izinin masu kula da wurin, a sa sutura ta mutunci, a kauce wa lokacin salla. Matakalar hawa ta ƙasa ce, tsofaffi su tsaya daga ƙasa.