Hawan Jini da Maiƙon Jini ga Yara 'Yan Makaranta

Galibin mutane sun ɗauka hawan jini ciwon dattawa ne, ba ya zuwa sai tare da furfura. Binciken likitoci ya nuna ba haka al'amarin ya ke ba. A cikin shekarar 1953 waɗansu likitocin sojan Amurka suka bayyana abin da suka gani sa'ad da suka duba gawawwakin soja 300 da aka kashe a yaƙin Koriya. Matsakaicin shekarunsu 22 ne kawai, amma fiye da kashi 70 cikin ɗari an tarar maiƙo ya riga ya soma maƙalewa a jijiyoyin zuciyarsu. Watau ɓarnar ta fara tun suna ƙanana.

Wanda ya bi diddigin wannan magana shi ne Likita Gerald Berenson. Tun daga 1973 ya shiga auna jinin 'yan makarantar wani ɗan gari mai suna Bogalusa, a Jihar Luwiziyana ta Amurka, baƙar fata da farar fata, aka yi ta binsu har suka manyanta. Aka ga yaron da jininsa ko maiƙonsa ya ɗara na tsararsa, sau da yawa haka ya kan ci gaba har girma. A 1998 kuma aka nuna cewa matasan da suka rasu ta hatsari ko wani sanadi dabam, waɗanda ƙiba da hawan jini da yawan maiƙo suka haɗu musu, su ne jijiyoyinsu suka fi lalacewa.

Wuyar abin tana wajen awo, gama yaro ba ya kan ji kome ba, kuma ba lamba ɗaya ce ta ke aiki ga kowa ba. Bisa ƙa'idar da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar a 2017, wanda ya kai shekara 13 a kan ce jininsa ya hau in ya kai 130/80. Wanda bai kai ba, sai a gwada shi da tsararsa a shekaru da tsawo, namiji da maza, mace da mata. Ɗamarar da a ke naɗa wa damtse lalle ta dace da hannun yaron. In ta yi ƙanƙanta sai ta ƙara wa awon abin da babu. Tsoron likita ma kan ɗaga jini, don haka ba a yanke hukunci sai an auna a zuwa uku dabam dabam. In kuwa ya tabbata ga ƙaramin yaro marar ƙiba, ƙoda a kan fara tuhuma.

Maiƙon jini, wanda likitoci ke kira kwalastarol, shi sai an ɗebi jini. A 2011 aka ba da shawara a Amurka a auna kowane yaro tsakanin shekara 9 da 11, ko da ya ke ba dukan masana suka yarda ba. Hujjar masu shawarar tana da ƙarfi: kimanin mutum ɗaya cikin 250 ya kan gaji yawan maiƙo daga iyaye, siriri ne ko mai jiki, kuma in an gano shi a yaro, sai a koma a auna uwa da uba.